Yasmin Ta Haura Katanga

Ranar da Sista ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗaya tana karɓar haihuwa a asibiti, ƙanwarta ta shigo gidan rungume da wata 'yar baƙar tukunya ta roba. Auta ake kiran ƙanwar, duk da cewa furfura ta fara leƙo mata, kuma aikinta rainon furanni ne a wani lambu da ke bakin babban titi. Abin da ke cikin tukunyar bai fi kamu ɗaya ba: siririn reshe ja-ja, da ganye kore shar masu sheƙi kamar an shafa musu mai.

"Yaya, ga abin da zai ɗebe miki kewa," in ji Auta. "Yasmin ce, mai rawayan fure. Yaɗo take yi. In ta samu abin kamawa sai ta rufe miki katanga ruf, ƙamshinta kuwa tun daga bakin ƙofa zai riƙa tarar baƙi."

Mijin Sista yana zaune a baranda. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, ya riga ta yin ritaya da shekara huɗu, kuma kowa Direba yake ce masa, har da matar tasa. Ya sauke tabarau ya leƙa tukunyar.

"Wannan tsinken ne kyautar shekara talatin? Ni na zaci kujerar hutawa za ki kawo mata."

"Kai dai ja jirginka," in ji Auta, don sun saba tsokanar juna. Ta juya ga yayarta. "Tana son rana, tana son waya ko raga da za ta nannaɗe, ba ta son ƙasa mai riƙe ruwa. Amma ga wanda za ki riƙe da kyau: daga saiwarta har furenta guba ce. Kada dabba ta ci, kada jikoki su kai baki. In za ki datse ta, ki sa safar hannu."

Cikin duk bayanin nan, kalmar guba ce ta fi zama a kunnen Sista, don ta ga abin da ta gani a asibiti, ga jikoki uku da ke cika mata gida duk ƙarshen mako. Saboda haka ta zaɓi wurin da yara ba sa zuwa, wani lungu a bayan kicin, tsakanin bangon gidanta da katangar maƙwabta. Ta haƙa rami, ta gauraya ƙasar da yashi, ta dasa. Direba ya buga ƙusoshi a katangar, ya ja wayoyi huɗu daga ƙasa zuwa sama, yana yi yana mita.

Bayan wannan katanga gidan Mai Walda ne da matarsa, Maman 'Yan Biyu. Tsakaninsu da Sista gaisuwa ce kawai, ita ma ta fatar baki. Asalin abin ya daɗe. Lokacin da Sista ke aikin kwana, sai ta dawo da safe ta kwanta, shi kuma ya kunna injin yankan ƙarfe a tsakar gidansa. Wata rana ta kasa haƙuri ta fita ta faɗa masa maganganu, shi ma ya mayar mata. Daga baya ya kama shago a kasuwa, ƙarar ta ƙare, amma sanyin da ya shiga tsakanin gidajen biyu bai tafi ba. Shekara tara ana haka.

Sista ta ɗauki shukar nan tamkar mai jego a gadon asibiti. Kullum da safe sai ta yi mata zagaye. Ta tura yatsa cikin ƙasa ta ji ko da sauran danshi, ta juya ganye ta duba ƙwari, ta ɗaure sabon toho a jikin waya da tsohon bandeji don kada ya ji ciwo. Ranar da ta ga kan reshen ya nannaɗe wayar da kansa, ba tare da an ɗaure shi ba, da gudu ta shiga falo.

"Direba! Zo ka gani, ta kama! Wallahi ta kama da kanta!"

"To, Allah ya raya," ya ce, bai ko ɗago daga jaridarsa ba.

Shekara ta zagayo, yasmin ta kai rabin katanga. Fure kam babu. A lokacin an mayar da Auta wani reshen lambunsu a gari mai nisa, sai dai waya. Sista ta kira ta tana ƙorafi.

"Ki yi haƙuri, Yaya, ba ta yi girman fure ba tukuna. Tana dai samun rana ko?"

"Tana samu mana," in ji Sista. Ba ƙarya ta yi ba, don da tsakar rana hasken yakan faɗo cikin lungun na kamar awa ɗaya kafin inuwar kicin ta rufe shi.

A shekara ta biyu ta yanke shawarar cewa yunwa ce ke damun shukar. Ta sayo takin zamani, ta riƙa barbaɗa mata duk bayan mako biyu. Ai kuwa yasmin ta yi ƙiba. Ganye ya cika lungun har sai an sunkuya ake wucewa, rassa suka kai saman katanga suka ɓace. Fure ko na rantsuwa babu. Direba ya samu abin yi. In baƙo ya zo sai ya ce, "Zo in nuna maka gonar ganyen Sista." Ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba, amma abin yana ci mata rai. Sau biyu tana ɗaukar fartanya da niyyar tumɓuke ta, sai ta ga sabon toho mai laushi yana lilo a iska yana neman abin kamawa, ta mayar da fartanyar.

Wata safiya a ƙarshen sanyi, cikin shekara ta uku, tana shanya a bayan gida sai ta ji wani ƙamshi. Ta tsaya cak da zanin gado a hannu. Ƙamshi ne mai zaƙi, marar nauyi, yana zuwa yana ɗaukewa. Ta yar da zanin cikin bokiti ta faɗa lungun, ta riƙa buɗa ganye da hannu biyu, sama da ƙasa, ciki da waje. Ba ta ga komai ba sai kore.

"Direba, kana jin abin da nake ji?"

Ya fito da kofin shayi, ya ɗaga hanci. "Sabon sabulun maƙwabta ne."

"Sabulu ne ke kiran ƙudan zuma? Dubi can!"

Ya duba. Ƙudan zuma ne suke wucewa ta saman kansu, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya tsaya a lungun. Duk haura katanga suke yi su faɗa ɗaya gefen. Sista ta bi su da ido.

"Ɗauko tsani."

"Tsani? Leƙen gidan mutane za ki yi da girmanki? Gidan Mai Walda fa!"

"Ba gidansa zan leƙa ba, shukata zan leƙa. Ɗauko, don Allah, kafin in hau bokitin nan in karye."

Ya ɗauko yana girgiza kai, ya riƙe mata ƙafar tsanin. Ta tattare zani ta fara hawa, matakala ɗaya, biyu, biyar, har kanta ya wuce saman katanga.

"Me kika gani?" in ji Direba daga ƙasa. "Ke! Yi magana mana."

Gaba ɗaya katangar ta wancan gefen ta zama rawaya. Rassan da suka ɓace mata ashe zubowa suka yi cikin gidan maƙwabta, inda rana ke dukansu tun hantsi har la'asar, suka sauka kamar labule. Furanni ne ba iyaka, kowanne kamar ɗan ƙaramin mazurari, wasu sun buɗe, wasu suna shirin buɗewa, ƙudan zuma na shiga suna fita. Ƙamshin ya bugi fuskarta har ta lumshe ido.

"Ta yi!" Muryarta ta fito da ƙyar, sannan ta ɓarke. "Direba, ta yi fure! Ta yi! Dubbai, wallahi dubbai!"

"Riƙe da kyau! Kada ki yi mini rawa a kan tsani!"

A lokacin ne ta kalli ƙasa. Can ƙarshen katangar akwai kejin zomaye mai hawa biyu, rassan yasmin sun kwanta a kan rufinsa. Mai Walda na tsaye a wurin da almakashin yankan kwano a hannu, ya datse rassan da suka tare ƙofar kejin. Tana kallo ya dunƙule su, ganye da fure, ya tura cikin kejin ya rufe.

"Kai! Kai, Mai Walda! Cire! Cire shi, guba ne!"

Mutumin ya zabura ya waiwaya, bai ga kowa ba. Da ya ɗaga kai sai ya ga fuskar maƙwabciyarsa a saman katanga, ɗankwali ya karkace, tana ɗaga hannu. Ya buɗe baki ya tsaya yana kallonta.

Sista ba ta jira ya gane ba. Yadda ta sauko daga tsanin nan, Direba ya ce ko a shekarun amarcinsu bai taɓa ganin ta yi irin wannan sauri ba. Ta ratsa kicin, ta ratsa falo, takalmi ɗaya ya fice a bakin ƙofa ba ta tsaya ba. Ta tura ƙofar gidan da rabonta da shi sama da shekara goma, da sallama a baki amma ba ta jira amsa ba. Maman 'Yan Biyu na wanke-wanke ta miƙe tsaye da kumfa a hannu.

"Lafiya, Sista? Wani abu ya samu Direba?"

"Zomaye!" kawai ta ce, ta wuce.

Ta fizge ƙofar kejin, ta naɗe hannunta da gefen mayafi, ta kwaso rassan ta watsar waje. Ta sake tura hannu ta tsince ganye ɗai-ɗai da furannin da suka zube, har cikin kwanon ruwansu. Zomaye bakwai suka takure a kusurwa suna kallonta. Allah ya taimaka, ganyen kabeji da aka zuba musu tun farko shi suke ci, ba su kai ga sabon ba. Wata babbar fara ce kawai take kusa, tana motsa hanci.

"Wannan ta ci?" Sista ta tambaya tana haki.

"Ban... ban gani ba," in ji Mai Walda. "Yanzun nan na saka. Wai da gaske guba ne? Abu mai kyau haka?"

"Daga saiwa har fure. Je ka wanke hannunka da sabulu, kada ka taɓa ido. Maman 'Yan Biyu, kina da lambar likitan dabbobi?"

Aka kira likita. Ya ce a canza musu ruwa, a sa musu ido na awa biyu, in an ga wata tana rawar jiki ko ta kasa tsayuwa a kawo ta maza. Sai ga mutum huɗu zaune a kan benci a gaban keji, don Direba ma ya iso da takalmin matarsa a hannu. Sista ta ɗauko farar zomanyar ta ɗora a cinya, tana duba idonta, tana lura da numfashinta da agogon hannu, kamar yadda ta saba yi wa jarirai.

Can sai Maman 'Yan Biyu ta yi gyaran murya.

"Sista, ni fa kunya ce ta hana ni zuwa. Yau kwana goma sha biyu ke nan da ta fara buɗewa. Kullum a nan muke shan shayin safe, ni da Baban 'Yan Biyu. Har hoto na tura wa yara. Na ce masa ya kamata mu shiga mu yi godiya, ya ce da wane ido. Mu a zatonmu abin da ya zubo mana ragowa ne, naku gefen ya fi haka."

"Namu gefen?" Direba ya kwashe da dariya har yana buga cinya. "Ko ɗaya! Shekara uku tana ban-ruwa, tana ɗaure-ɗaure da bandeji, ko ƙwaya ɗaya ba mu gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

Mai Walda ya yi ƙoƙarin haɗiye tasa dariyar, ta ƙi haɗiyuwa. Matarsa ta rufe baki da mayafi. Sista ta harari mijinta, amma ita ma sai ta fashe, har zomanyar ta tsorata ta nemi tsalle.

Awa biyu ta cika, zomaye bakwai suna ta cin kabejinsu, farar ma ta fi kowa ci. Sai a lokacin Sista ta samu natsuwar zuwa gaban furannin. Ta tsaya kusa, ta sa hannu a bayanta kamar mai duba marasa lafiya, tana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Idonta ya ciko. Ta ciro waya ta kira Auta ta bidiyo, ta juya mata kyamara kan furannin.

Ihun Auta sai da ya sa Mai Walda ya ja da baya. "Yaya! Yaya, ke ce kika yi wannan? Ko a lambunmu ba mu da mai kyanta! Tsaya, wannan ba katangarki ba ce. Ina ne nan?"

Da aka ba ta labari, aka kuma zagaya da wayar aka nuna mata lungun, sai ta riƙe kai. "A wannan ramin kika dasa ta? Kika ce mini tana samun rana! Ai dole ta haura, rana ta bi. Taki kuma sau nawa kike ba ta?"

"Duk mako biyu."

"Inna lillahi! Garin neman ƙiba kin samo rama. Yawan taki ganye yake sa ta yi, ba fure ba. Sau ɗaya a shekara ya ishe ta. Ki ɓoye buhun nan."

"To yanzu tumɓuke ta zan yi in mayar gaban gida?"

"Kul! Ta yi girma, in kika taɓa saiwar za ki iya rasa ta. Ki bar ta inda take. In furen ya gama zuba, ku rage rassan, a lokacin ake datse ta. Ga abin da za ki yi: ki samo reshe mai laushi na ƙasa-ƙasa, kada ki yanke shi. Ki ɗan kankare bayansa, ki lanƙwasa wurin cikin tukunya mai ƙasa, ki danne da dutse, ki bar kansa a waje. Yana shan nonon uwarsa yana yin tasa saiwar. In ya kama sai ki yaye shi."

"Wannan kam aikina ne," in ji Sista. "Yanke cibiya."

Mai Walda, wanda tun ɗazu yake sauraro yana shafa gemu, ya matso. "Sista, in ba za ki damu ba, ina da ragowar rodi a shago. Zan lanƙwasa miki baka a gaban gida, inda rana take, mai tsawon da mutum zai wuce ta ƙarƙashi. In sa raga a ƙasa ta kewaye gindin, saboda jikokinki. Kejin nan kuma yau zan janye shi daga katanga." Ya ƙara da cewa, "Sai dai aikin zai yi ƙara kaɗan."

Sista ta kalle shi, ya kalle ta. "Yanzu ai ba na aikin kwana," ta ce. "Ka yi ƙararka."

Tun ranar aka shiga hidima. Sista ta binne rassa biyar a tukwane biyar, uku a lungunta, biyu a gidan maƙwabta, kuma kullum da safe sai ta zagaya ta duba su duka, a ba ta kujera da shayi. Da furen ya zube, ita da Maman 'Yan Biyu suka sa safar hannu suka rage rassan, suka ƙulle abin da suka yanke cikin buhu don kada wata dabba ta samu. Mai Walda ya kawo bakan a bayan wata motar ɗaukar kaya, Direba ya nace shi zai yi awo, suka yi ta gardama a kan ko ya karkace, har sai da aka kawo igiya da dutse aka gwada. Ya karkace ɗin kuwa, da yatsa biyu. Aka gyara, aka zuba siminti, aka shafa koren fenti.

Bayan wata uku Auta ta zo hutu. Ko jakarta ba ta ajiye ba Sista ta ja ta zuwa lungu. Auta ta tsuguna, ta ɗaga dutsen tukunyar farko, ta ɗan ja reshen a hankali. Ya taho ba gardama, ba saiwa ko ɗaya. Na biyu ma haka, ya ruɓe. Sista ta dafe ƙirji. Auta ta ja na uku, ya ƙi tahowa. Ta tona gefen ƙasar da yatsa, sai ga fararen saiwoyi sirara sun cika tukunyar.

"Ya kama!" Sista ta ƙwala kira ta saman katanga. "Maman 'Yan Biyu! Ya kama! Duba naku!"

Aka ji ƙarar dutse, sannan murya ta dawo: "Duka biyun sun ƙi tahowa!"

"To ku kawo ɗaya, ku riƙe ɗaya!"

Sista da kanta ta sa almakashi ta raba reshen da uwarsa. Suka ɗunguma gaban gida, ita da tukunya a gaba, Maman 'Yan Biyu da tata a baya, Direba da butar ban-ruwa, Mai Walda da shebur. Aka haƙa rami a kowace ƙafa ta bakan, aka dasa, aka danna ƙasa, aka rufe ragar.

"Sai yaushe ke nan za su haɗu a sama?" Mai Walda ya tambaya.

"Da irin hasken ranar nan? Shekara biyu," in ji Auta. "Wataƙila ma baɗi ku ga fure kaɗan."

"Na gefen dama zai riga kaiwa," in ji Direba. "Ni na haƙa raminsa."

"Na hagu dai," in ji Mai Walda. "A gidana ya yi saiwa."

Sista ta karɓe butar daga hannun mijinta, ta tsuguna, ta fara zuba ruwa a hankali a gindin na hagu.